Yadda munka yi aikin kututture da tassa da manoman tudu a wajen Kangiwa

In anka ce Jihar Kebbi abin da ke fara zuwa ma mutane a rai shinkafa ce, fadamar Argungu da Suru da Bunza, sai albasar Aliero sai kifi. Ba laifi, da su anka san mu. Amma akwai manoma da yawa da ba su da ko taku ɗaya a fadama, gonarsu tudu ce, jigawa, ruwan sama kaɗai suke jira su shuka hatsi da dawa da wake da 'yar gyaɗa, in damina ta yi kyau a ci tuwo har wata damina, in ba ta yi ba samari su ɗauki jaka su nufi Legas ko Ibadan cin rani. Irin su ne mutanenmu na ƙaramar hukumar Arewa, wajen Kangiwa, dab da iyakar Nijar. Ni ɗansu ne, a nan anka haife ni, na yi difloma ta aikin gona, kuma a ƙarshen 2023 wata ƙungiya mai aikin farfaɗo da ƙasa ta ɗauke ni cikin matasan da za su riƙa zama da manoman tudu ana gwada hanyoyin noma da ba su kashe gona. Abin da na gani ne zan faɗa, daga farkonshi har inda muke yanzu.

An fara da horo a Birnin Kebbi. An yi muna bayanin ɗumamar duniya da hayaƙin kabon, cewa itace mai rai da ƙasa mai taki suna riƙe kabon, ƙona kara da sare daji kuma suna sakinshi sama, har da takin yuriya in an watsa shi a sarari ba a binne ba yana tashi a iska, manomi ya yi asarar kuɗinshi iska kuma ta gurɓata. Duk na fahimta kuma na yarda. Amma tun a zauren na san ba da wannan maganar zan shiga gari ba, don mutumin da rumbunshi ke ƙarewa tun kafin bazara ba kabon ne a gabanshi ba. Sharaɗin aikin kuma mai wuya ne: babu rabon taki, babu kuɗi a hannu. Abin da za a ba mu diga ce da shebur da ɗan iri na gwaji, shi ke nan.

Farkon Janairu na 2024 na je gaishe da Maigari na faɗa mishi abin da ke tafe da ni, ya ce a bari sai bayan sallar Juma'a mutane sun taru. An cika ƙofar gidanshi kam, don labari ya bazu wai an kawo tallafi. Wani ya tambaye ni ko mu ne na ACReSAL, wannan shirin na Bankin Duniya na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewacin Najeriya 19 da Abuja, wani ya ce a'a ai 'yan ganuwar itatuwa ne, wato aikin dashen itace na tare hamada, tunda Kebbi na cikin jihohi 11 da aikin ganuwar ya ratsa. Na ce ba mu ba ne ko ɗaya, manufar dai kusan ɗaya ce. Da na kai ga maganar babu taki sai wani dattijo ya ce, "To yaro, in babu taki mi kunka zo muna da shi?" Ba da rashin mutunci ya faɗa ba, gaskiyarshi ce, tun 2022 kuɗin taki ya tashi, cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma ya ƙara dagula komai har kuɗin ɗauko buhun daga kasuwa. Kafin in gama bayani rabin taron ya watse.

Waɗanda sunka tsaya su ne waɗanda gonarsu ta riga ta mutu, masu fako, inda ƙasa ta daskare ta yi tauri ruwan sama ya sauka ya gudu ko ciyawa ba ta fitowa. Ba su da abin da za su yi asara. Cikinsu akwai wani kawuna ta wajen uwa da ke da dangi a ƙasar Dogon Dutsi cikin Nijar, shi ne ya taimake ni ba tare da na roƙe shi ba, ya ce ma Maigari, "Ranka ya daɗe, abin ga da yaron ga ka faɗi na gane shi da idona can ƙetare, gonakinsu cike da itace kuma suna samun hatsi, mu nan mun aske namu." Maganarshi ta fi duk bayanina tasiri, gani ya kori ji. A lokacin iyaka na rufe saboda juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, don haka ba mu iya kai mutane su gani ba, da shaidar kawu munka fara.

Abin da ya gani ɗin shi ne sassaben zamani, kuma shi ne aikinmu na farko. Ba dashe ba ne. Mun sha ganin dashe a ƙasarmu, a kawo dogonyaro cikin leda a dasa a ɗauki hoto, kafin hunturu awaki sun cinye sauran rana ta ƙone. Wannan kuwa itacen yana nan cikin gonar tun kaka da kakanni, an sare shi ne kawai, saiwarshi na da rai a ƙasa ta yi nisa ta kai inda laima take, duk shekara tana tofo, duk shekara kuma lokacin sassabe mu sa gatari mu datse tohon mu tara mu cinna wuta, muna ganin mun share gona. Kalgo, sabara, geza, magarya, aduwa, wani wurin har gawo. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki a Maraɗi ne ya lura da haka a 1983 bayan dashenshi ya yi ta mutuwa, ya fara ja hankalin manoma su bar tohon, kuma daga baya binciken da anka yi ya nuna wajen hekta miliyan 5 a Nijar sun sake samun itace ta wannan hanyar, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. Hausawa ne irinmu sunka yi shi, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwa, wannan kullum ina maimaita ma mutane shi.

Yadda ake yi ba wuya. Ka je gun kututture ka duba tohon, ka zaɓi waɗanda sunka fi ƙarfi da miƙewa, uku zuwa biyar, sauran ka cire. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa na ƙasa har wajen rabin tsawonsu, kada ka wuce haka don in ka yi musu ƙwal iska za ta karya su. Adda ko gatari ya zama mai kaifi, kuma saran daga ƙasa zuwa sama ake yi don kada ɓawon ya tsage ya bi jikin itacen. Sai mu ɗaura tsumma ja a jiki alamar wannan da mai shi. Mun fara da gonar kawu, mutane na tsaye suna kallo, sannan kowa ya karɓi adda ya gwada. Tambayoyinsu biyu ne kuma duk masu ma'ana: inuwa ba za ta danne hatsi ba? Kuma itace ba zai tara tsuntsu ba, tunda mun san ɓarnar jan baki in ya sauko? Na inuwa amsarta a gonar take, kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina tsawo da kauri, don gawo da damina yake zubar da ganye ya bar rana ta shiga, da rani ya yi kore dabbobi su fake ƙarƙashinshi su ci 'ya'yan su bar kashi. Kalgo da sabara kuwa ana rage musu rassa kafin shuka, kuma ba cewa anka yi a bar duk kututture ba, mun ce kowa ya fara da abin da zuciyarshi ta ɗauka, ko goma ne a gona. Na tsuntsu na ce musu jan baki garke ne mai tafiyar nisa, yana sauka a gonar da ba ta da ko sanda ɗaya. Wasu sun gamsu wasu ba su gamsu ba.

To ashe gyaran kututturen shi ne mai sauƙi. Ba a yi wata ɗaya ba mutum ya zo ya same ni ranshi a ɓace, an bi dare an sare mishi kalgon da ya gyara, har tsumman an yar a ƙasa. Wani kuma raƙuma sun bi ta gonarshi masu su sun sassare rassan gawo. A al'adarmu da zarar an kwashe amfani an saki dabbobi gona ta zama ta kowa, itacen da ke ciki ma na kowa ne, mata su yi itacen girki, masu sayar da itace su cika amalanke, makiyaya su sauke ganye. Ga kuma wani tsoro da na tarar a zuciyar dattawa, cewa in itace ya girma ya zama na hukuma, ranar da ka sare reshe a gonarka a ci ka tara. A Nijar ma wannan ne ya daɗe yana hana abin tafiya sai da manoma sunka tabbata itacen nasu ne, har a 2020 gwamnatinsu ta fitar da doka a kanshi. A nan na gane in ba a warware wannan ba duk horon da anka yi muna ya tashi a banza, manomi ba zai yi wahalar rainon abin da wani zai zo ya kwashe ba.

Na koma gun Maigari. Na roƙe shi a yi zama amma ba na manoma kaɗai ba, a kira Ardo da mutanen ruga, a kira masu sana'ar itace, a kira malamin daji na yankin, kuma a ji ta bakin mata. Na matan ya yi ɗan jim, daga baya ya ce gwaggona da wata ungozoma da ake jin maganarta su tara su a cikin gida su kawo abin da sunka ce. Abin da sunka aiko da shi kuwa shi ya fi komai nauyi. Gwaggo ta ce mini, "Kai ɗan nan, ku maza kun ɗaura tsumma kun ce kada a taɓa, to da mi za mu dafa muku tuwon? Da can bayan gari muke samun itace, yanzu sai mun yi tafiyar da rana ke yi muna tsaka a hanya." Babu mai amsar wannan da wa'azin muhalli. Abin da anka tsayar shi ne duk rassan da anka cire wajen gyara na matan gidan mai gonar ne, wanda ba shi da mata masu buƙata ya bar ma maƙwabta, kuma a kowace shekara mai gona na iya sare sanda ɗaya cikin waɗanda ya bari a kututture wata ta maye gurbinta. 'Ya'yan kalgo da na magarya da aduwa duk wanda ya tsinta a ƙasa nashi ne.

Ardo shi ma ya zo da tashi maganar, kuma ina ganin da gaskiyarshi. Ya ce, "Malamin gona, kuna cewa mu kiyaye itacenku, ku kuma kun shuke burtali, ta ina shanu za su bi?" An yi ta ja, rana ta yi, an tashi anka sake zama. Ƙarshe dai Maigari ya sa dattawa sunka bi burtalin da ƙafa sunka nuna iyakarshi ta asali, waɗanda sunka ci sunka yarda su ja baya, Ardo kuma ya ɗauki alkawarin yaranshi ba za su sare itace mai tsumma ba, kuma zai faɗa ma baƙin makiyaya in sun sauka. Anka kuma farfaɗo da tsohon abin nan da ya kusa ɓacewa, Fulani su kwana da shanu a gonar mutum da rani su bar mishi taki shi kuma ya ba su hatsi. Malamin daji ya faɗa a gaban kowa cewa wanda ya raini itace a gonarshi ba mai hana shi gyaranshi da amfani da rassan. Anka sa tara kaɗan ga wanda anka kama da sara, liman ya yi addu'a, sannan ya maimaita maganar a masallaci ranar Juma'a ya haɗa da hadisin nan na ladan wanda ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci. Ban ce sara ya ƙare ƙaf ba, amma ya ragu sosai, kuma yanzu in an sare akwai inda mutum zai kai ƙara. A lissafin ofis wannan zaman ko layi ɗaya ba shi da shi a fom ɗin rahoto, ni kuwa a ganina shi ne rabin aikin.

Sai tassa, wadda masu fako ke jira. Ramuka ne ake haƙawa da rani, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa, layi na biyu kuma ramukanshi su faɗo tsakanin na layin farko yadda ruwan da ya kuɓuce ma wannan zai faɗa wancan. Kowane rami a zuba mishi taki cikin tafi biyu. Takin na jawo gara, garar ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, in ruwa ya zo sai ya nutse maimakon ya gudu. Mutanen Burkina Faso na kiranta zai, kuma wani manomi nasu Yacouba Sawadogo ne ya inganta ta har ya mai da fako daji, shi da Rinaudo an ba su lambar yabo ta duniya a shekara guda, 2018, Sawadogo ya rasu a Disambar 2023 daidai lokacin da muke horo, Allah ya jiƙanshi. Na nuna ma mutane hotonshi a waya, tsoho da rawani da fartanya, sun ce ai wannan kamar ɗan garinmu.

Aikin tassa akwai wuya, kada wanda ya ruɗe ku. In tazarar mita ɗaya ka ba su, hekta ɗaya ramuka 10,000 ke nan, a ƙasar da diga ke tsalle in ka sara. Gashi a 2024 azumi ya faɗo daga 11 ga Maris, tsakiyar zafi, zafin ƙarshen Maris da farkon Afrilun shekarar kuwa kowa ya san irinshi. Daga sallar asuba muke fita da fitila a yi ta haƙa har hantsi, rana na ɗagawa a watse. Mun ce kada kowa ya ɗauki fiye da rubu'in gonarshi, kuma munka koma ga gayya, yau gonar wane gobe ta wane, samarin da ba su tafi cin rani ba su ne ƙarfin aikin. A wuraren da gangaren ya fi munka yi 'yan ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwa, inda akwai tsakuwa kuma munka jera duwatsu a gicciye munka dasa gamba a bayansu da ruwa ya sauka, gambar ma ba asara ba ce tunda ana zana da ita.

Taki shi ya zama matsala, bai isa ba. Mai shanu biyu da awaki kaɗan ba zai cika dubban ramuka ba. Munka haƙa ramin taki a bayan gida, a zuba kashin dabbobi da ƙaiƙayi da toka da sharar tsakar gida da ragowar harawa, a riƙa yayyafa ruwan wanke-wanke ana juyawa, a tsince leda da batir da kwalba. Na shekarar farko bai gama ruɓewa da kyau ba don an fara a makare, wanda ya samu kwanan shanu a gonarshi shi ya fi kowa morewa. Maganar kara kuma, a horo an ce a bar shi duka a gona ya rufe ƙasa. Wannan ba mai yiwuwa ba ne a garinmu, kara abincin dabba ne, danga ne, makamashi ne, kuɗi ne a bazara. Abin da munka daidaita shi ne a daina ƙonawa, wajen yanka a bar gindin da ɗan tsawo ya tare iska, ragowar da dabbobi sunka tattake kuma a kwashe a shimfiɗa kan fako a danne da reshe. Ko wannan kaɗan ɗin ya yi aiki, inda anka shimfiɗa sai ka ga yashin da iska ke ɗauka ya taru gara ta shiga.

Wanda ya iya sayen ɗan takin zamani, ko tiya biyu ce, mun nuna mishi yadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta gwada a Sadore kusa da Yamai, giram 6 na NPK a kowane rami, wajen cikin marfin kwalbar lemo, a gefen iri ba a kanshi ba, a rufe da ƙasa. Irin gwaji kuma an kawo gero SOSAT mai saurin nuna wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, da wake SAMPEA 10 na Samaru mai jure wuta-wutar wake. Ban ce ma kowa ya yar da irinshi na gado ba, mun shuka su gefe da gefe ne.

Da damina ta kusa na riƙa karanta hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ina yinshi da Hausa a saƙon murya in tura a WhatsApp, masu babbar waya su kunna ma sauran a majalisa. Wasu sun yi binne kamar yadda sunka saba, wasu sun jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Bayan an yi shuka hatsi ya fito sai ruwa ya ɗauke muna na wani lokaci, iska mai yashi ta taso, a jigawa shuka ta yi ta ƙonewa wasu sai da sunka sake. A nan tassa ta nuna kanta. Ka tsaya a bakin gonar kawu, gefen da ba a haƙa ba fari fat, gefen ramuka kuma kore, ka sa yatsa cikin ramin ka ji sanyi. Mutanen da sunka watse ranar taron farko da kansu sunka riƙa biyowa ta hanyar suna tsayawa. Dattijon nan mai tambayar taki ya daɗe a tsugune yana tona ramin da hannu, sannan ya ce, "Malam, baɗi in Allah ya kai mu ka zo ka auna mini nawa."

Wuta-wuta ba ta ragu ba a shekarar, kuma na faɗa musu tun farko kada su sa rai, ƙwayarta na iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma tana jiran saiwar hatsi, tsiro ɗaya kuma na zubar da dubban ƙwayoyi. Sai dai a riƙa tuge ta kafin ta yi fure a fitar da ita daga gonar, a riƙa juya wurin da gyaɗa ko wake, a ƙara taki. Agusta da Satumba kuma ruwa ya yi yawa, wasu ramukan a inda ƙasa ke da laka sun cika sun riƙe ruwa hatsin ya yi ja, daga nan munka san tassa ta fako ce da gangare, ba ta kwari ba.

Da kaka fakon da shekara da shekaru ba a ɗauki ko zangarniya ba an ɗaure dammai a cikinshi. Ba wai rumbu ya cika ya tumbatsa ba, rubu'in gona ne, amma daga babu ne. SOSAT ya riga na gida nuna, ya shigo daidai lokacin da gidaje ke cikin yunwar tsakiyar damina, sai dai mata sun ce karanshi gajere ne bai kai na gida daɗin danga ba, don haka yawanci sun riƙe duka biyun. Waken munka zuba a buhun PICS mai ciki uku ba tare da maganin ƙwari ba. Kututture kuwa a shekarar farko bai ƙara ma kowa ko dami ɗaya ba, abin da ya bayar itacen girki ne da ganyen awaki, kuma wannan ɗin ne ya sa mata sunka zama masu tsaronshi fiye da maza.

Akwai tambayar da ke dawowa kullum, wai an ji a rediyo Turawa na biyan kuɗin kabon, yaushe namu zai zo. Na ce musu gaskiya ne akwai irin wannan ciniki a duniya, amma ni ba a aiko ni da shi ba kuma ba zan yi alkawarin abin da ba ya hannuna ba, duk wanda kuma ya zo da takarda ya ce a sa hannu a kan gona don kuɗin kabon kada a sa sai an kai gaban Maigari an samu mai karantawa ya karanta. Na fi son mutum ya bar kalgo don itacen girki da ganye da ƙasarshi, don wanda ya bari saboda kuɗin da ake jira, ranar da ya gaji da jira gatari zai ɗauka.

Rani na biyu shi ne gwajin gaskiya. Matsalar tsaro ta taso a yankinmu a ƙarshen 2024, motar ofis ta rage zuwa, daga baya ma ta daina, ɗan alawus ɗin da ake ba mu ya riƙa makara. Akwai gonakin nesa da mu kanmu munka daina zuwa. A garuruwan da ma'aikacin baƙo ne aikin ya tsaya cak, abokan horona sun faɗa mini. Ni da yake gida ne ina nan, kuma abin da ake buƙata a lokacin ba wani ilimi ba ne mai zurfi, mutum ne da zai zagaya a watan Janairu ya ce Baba an yi gyaran kututture kuwa, ya tuna ma Maigari a sake shelar dokar sara kafin a saki dabbobi, ya je ruga ya gaida Ardo, ya ari diga daga wannan ya kai ma wancan. Masu tsara irin waɗannan shirye-shirye ina roƙonsu su duba wannan, kuɗinsu da ziyararsu duk a damina suke ƙarewa lokacin da gona ke da kyaun hoto, alhali sara da ƙona kara da haƙa da tara taki duk da rani ake yinsu, kuma su ɗauki 'yan gari, mata ma a ciki, don ni akwai gidajen da ba na iya shiga sai ta bakin gwaggo.

A 2025 waɗanda sunka haƙa tassa sun ninka na farko ba tare da na bi kowa ba, tsoffin ramuka kuma gyara kawai anka yi musu anka ƙara taki. Kalgon gonar kawu ya wuce tsawon mutum. Waɗanda sunka janye kuwa da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na tarar kusan duk matsalarsu guda ce, gonar ba tasu ba ce, aro ce ko haya ko jingina. Wani ya ce mini, "Malam, in na kashe ƙarfina na tada fakon ga, baɗi mai shi ya gani ya yi kyau ya amshe abinshi, ni mi na samu?" Kuma an yi hakan ga mutum ɗaya a gabanmu. Wani mai gonar shi kuma ba ya son ɗan aro ya raini itace don kada gobe ya ce yana da haƙƙi a wurin. Yawancin masu aron nan su ne marasa ƙarfi, da zawarawa masu marayu, wato waɗanda aikin ya fi kamata ya amfana.

Shi muke kai yanzu. Na kai ma Maigari shawarar duk wanda zai ba da aron fako a yi shi gaban shaidu a faɗi shekarun, aƙalla huɗu ko biyar, a kuma faɗi cewa itacen na mai gona ne, rassa da 'ya'ya na mai noma ne muddin yana ciki. Liman ya ce zai rubuta da ajami kowa ya riƙe kwafi. Masu gona biyu sun yarda, wasu sun ce sai sun yi shawara da 'yan'uwansu tunda gonar gado ce ba a raba ba, kuma Maigari ya ce a sake zama kafin a fara sassabe.